Lafiya Lau Ɗin Da Ta Ci Mini Ƙafa

A lokacin da abin ya faru ina zaune a unguwar Glenwood cikin Greensboro, ina aiki a wata masana'antar kujeru, matata kuma tana kitso. Ɗan bakin kogi ne ni, haifaffen Gaya, na iya iyo tun ban iya ɗaura wando ba. Wani dattijon Bature da muke aiki tare shi ya ja ni harkar nutso da tukunyar iska a baya. Na yi shekaru ina yi, har na kai sahun waɗanda ake bari su sauka wurin jiragen da suka nitse a ƙasan teku. Mutanen masallacinmu suna yi mini tsiya wai kifin Gaya ne bai ishe ni ba. Ni kuwa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

A ƙarƙashin ruwa ba a magana. Abokin nutsonka zai haɗa babban yatsa da manuni ya tambaye ka ko kana lafiya, kai ma ka mayar masa idan lafiyar ce. Ni gaisuwa na ɗauki abin. A gidanmu ko mutum yana kwance magashiyyan, in aka tambaye shi sai ya ce lafiya lau, kuma da wannan tarbiyyar na shiga teku.

Wata Asabar cikin hunturu muka je gaɓar teku ni da dattijon, kwalekwale ya kai mu tare da wasu masu nutso saman wani tsohon jirgin kaya da ya nitse. Muna sauka na ji ruwa yana shiga rigata ta wuya, sanyi kamar an zuba mini ƙanƙara a baya. Ya yi mini alama, na mayar. Da muka isa jirgin jikina sai karkarwa yake, ina zuƙar iska da sauri, yatsuna sun mutu. Ya sake tambaya, na sake mayarwa. Ni kaɗai ne baƙar fata a tafiyar, ban so a ce saboda ni aka katse nutson. Ko da na duba ma'aunin tukunyar, iskata ta kusa ƙarewa. Ƙa'ida ita ce a hau sannu a hankali ana tsayawa a hanya, don iskar da ta shiga jini ta samu fita. Ni kuwa tsoro ya sa na haura kai tsaye.

Mai kwalekwalen ya matsa in kwanta ya sa mini iskar asibiti ya kira agaji, na ce gajiya ce kawai, alhali bayana ya fara tsittsira. Haka na tuƙo mota har Greensboro. Matata ta ga ina jan ƙafa, ita ma na ce mata lafiya lau. Da asuba na yunƙura zan yi alwala, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukata.

Aka kai ni asibiti, aka yi ta saka ni a wani ɗakin ƙarfe mai matsa iska, amma lakar bayana ta riga ta taɓu. Likita ya ce da tun a kwalekwale na yi magana, da wataƙila da ƙafata zan koma gida. Dattijon ya zo duba ni, bai yi faɗa ba, tambayata kawai ya yi me ya sa na yi masa ƙarya. Na so in ce masa a wurinmu ladabi ne, sai na ji ba ni da ƙarfin bayani.

Na gaji da asibiti, na gaji da sanda, na gaji da tuna ranar nan. Abin da na koya shi ne akwai gaisuwa, akwai kuma tambaya, mu kuwa mun saba haɗa su. 'Yan uwa, idan likita ko abokin aiki ko matarka suka tambayi lafiyarka, amsa suke nema, ka faɗi inda ke ciwo. Ni ban kai hamsin ba, amma a kan kujera nake salla a ƙarshen sahu, tsofaffin da suka haife ni suna kai goshi ƙasa ina kallo.