Kalla da Karsanar Sarkin Tambaya

Kalla Jimrau Ɗangoggo ya rasu a Dakoro cikin watan Maris na shekarar 1958. Mutumin Birnin Lalle ne, kuma sana'arsa tukar igiya da ɗinkin wasaki, wato babban gugan fata na rijiyoyi masu zurfi. Wannan sana'a ce ta zaunar da shi a bakin rijiyoyin arewa tun yana saurayi, har Fillanci ya kama bakinsa. Ɗan Faransancin da yake ji kuwa, a wurin aikin tilas na gyaran hanya ya tsince shi.

A shekarar 1942, ana tsakiyar yaƙin Turawa, wani Nasara ya sauka a ƙasar. Masanin al'adu ne wanda yaƙi ya tsare wa hanyar komawa gida, sai ya ƙudura nazarin zaman Woɗaɓe, waɗanda Hausawa ke kira Bararoji. Sunansa ya gagari harshen mutane, suka laƙaba masa Sarkin Tambaya. Shi ne ya ɗauki Kalla tafinta.

Lokacin bai dace da tambaya ba. Hukuma tana karɓar gero da dabbobi saboda yaƙi, don haka duk wanda ya tambayi makiyayi labarin shanu, ɗan leƙen asirin jangali ne a idonsa. A rugar wani dattijo mai suna Dengi an ba su tabarma, an ba su madara, amma magana ba ta wuce gaisuwa ba. Da zama ya yi tsawo, Dengi ya kira Kalla gefe.

"Baƙon nan naka, yana da saniya?"

"Ko akuya ba shi da ita, Baffa."

"To, mi ya kai marar saniya ga zancen shanu? In yana son ya ji, sai ya riƙa guda."

Abin da Dengi yake nufi shi ne habbanaye. A wannan al'ada mutum yakan ɗaure wa wani karsana, ya kula da ita har ta haihu sau uku. Maruƙan na mai riƙo ne, uwar kuwa a mayar wa mai ita cikin ƙoshin lafiya. Da Kalla ya fassara, Nasara ya yi murna ya gyaɗa kai nan take. Kalla ya juya ya ce da Fillanci, "Ya karɓa, da sharuɗɗanta duka."

Dengi ya ce, "Shi ban san gidan ubanshi ba. Kai na sani."

Aka kawo jar karsana mai dogayen ƙahoni. Daga ranar bakin ruga ya buɗe. Sarkin Tambaya ya koyi cire kaska da ba da kanwa, ya sha hauri, ƴan mata suka sha dariya, kuma tsofaffi suka riƙa jera masa asalin kowace saniya ta wajen uwa kamar ana jera kakannin mutum. Kalla yakan ce bai taɓa jin daɗin damina kamar wannan ba.

Shekara ba ta kewayo ba aka kira Nasara aikin soja. Ya danƙa wa Kalla igiyar karsana cikin gaggawa, ya ce ya riƙe zai dawo.

Da Kalla ya shiga gida yana janye da ita, matarsa Uwale ta tafa hannu.

"An tafi aikin Nasara, an komo da saniyar Bararo! Maigida, shekara nawa kana tukar igiya, sai yau ka samu abin ɗaurewa."

"Ke dai kawo dusa, Uwale, ki bar ba'a."

Da Kalla ya so, da ya mayar wa Dengi da ita a ranar. Amma mayar da habbanaye ba ta haihu ba ƙin zumunci ne, kuma zai nuna cewa an karɓe ta ne kawai don a tatsi magana. Da bakin Kalla aka karɓe ta, saboda haka ya kafa turke a bayan ɗaki, ya shiga tara harawa.

Wata rana wani gardi, wato dogarin hukuma, ya zo tattara dabbobin yaƙi, ya tsaya a kanta.

"Saniyar wa ce wannan?"

"Ta Nasara ce, amma mai ita Bafillace ne, ni kuwa riƙo nake."

"Kai, malam! Mutum uku kan saniya guda?"

"To, kora ta, ka kai wa kwamanda ya ci saniyar ɗan'uwanshi."

Gardi ya sosa ƙeya ya wuce gidan gaba.

Bayan haihuwa ta uku, Kalla ya kora uwar zuwa mashekarin Dengi, da ɗaurin kanwa da gero na godiya. Dattijon ya shafa bayanta, ya duba haƙoranta, ya ce, "Ashe baƙonka mutum ne." Wannan magana ta faranta wa Kalla rai, ko da yake wanda aka yaba bai san an yi ba. Sai ya tambayi yadda za a yi da maruƙan.

"Na wanda na ɗaure wa ne," in ji Dengi. "Ba kai na ɗaure wa ba."

Kalla bai yi musu ba. Da aka buɗe bariki a Dakoro ya komo nan da iyalinsa da shanun, waɗanda suka yi ta hayayyafa. Gidansa ya sha nono, gonarsa ta sha taki, maƙwabta ma ba su rasa man shanu ba, amma ko ɗaya bai sayar ba, bai yanka ba. Duk sabon kwamandan da aka kawo, sai Kalla ya je ya tambayi labarin Sarkin Tambaya. Ba wanda ya san shi da wannan suna, Kalla kuwa bai san wani sunansa ba. Yakan dawo yana murmushi, ya ce watakila na gaba ya sani.

Yana shirin tafiya Maraɗi ya tambaya a babban bariki ciwon ajali ya kama shi. Ya bar shanun kunnuwansu ba tsaga, domin a wurinsa mai dukiya ne ke zaɓar shaidar da za a yi mata, shi kuwa bai zo ya zaɓa ba.