Furen da Na Binne da Ransa

Gwaggona, yayar babanmu, ita ce mai wankan gawar mata a lungunmu na Madabo. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma tana da fure. Mijinta ne ya taho mata da shi daga kurmi a zamanin da yake fataucin goro, wai okid ake ce masa. A jikin wani guntun icce yake maƙale, rataye a ƙusa saman randunan ruwa, saiwoyinsa farare tsirara a iska kamar yatsun tsohuwa. Kullum da safe sai ta guntsi ruwa ta fesa masa. Sau ɗaya yake fure a shekara, farkon damina, ƙamshinsa kuwa zuma-zuma da ɗan kafur.

Da aka kwantar da ita a asibiti, ni ta bar wa amanarsa. Ni kuwa uwar iyayi ce tun ina yarinya. Na dube shi na ce wannan ai zalunci ne, shuka ba ƙasa. Na ɓamɓare shi, na cusa a kasko, na danne da ƙasa da kashin awaki, har ina jiran yabo.

Bayan mako biyu ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya tana kallon ƙusar. Na nuna mata kaskon. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

"Kin duba ko yana numfashi kafin ki rufe shi?" ta ce.

Da yatsunta ta tone shi. Saiwoyin sun ruɓe sun yi baƙi, saura guda ɗaya. Ta wanke shi a ƙwarya, ɓangaren dama tukuna, sau uku, yadda take wa gawa. Ranar ta gaya min abin da ya sa takan daɗe da kuncinta a hancin gawa har masu jira su ƙosa: tsoronta ɗaya a duniya, a rufe mutum da sauran numfashi.

"Ranar tawa ke za ki duba min. Kada ki bari su gaggauta ki."

Da ranar tata ta zo, da hantsi ta cika, ana tsakiyar bazara. Kafin a jima maza sun cika zaure, ana ta aiko cewa rana na yi, gawa ba ta jira. Na durƙusa na kai kuncina hancinta. Sai ƙamshin nan ya cika ɗakin, zuma da kafur, alhali ba a buɗe kafur ɗin wanka ba, furen kuma ko toho bai yi ba. Wata ’yar iska ta taɓa kuncina, ban sani ba ko numfashinta ne ko iskar taga ce. Na ce a dakata. Likitar maƙwabta ta zo ta gwada, ta ce rai ya yi halinsa. Na riƙe su har azahar, sannan na kauce.

Furen yana nan a ƙusarsa, ya yi sababbin saiwoyi, nakan fesa masa da safe. Na sha komawa ɗakin Gwaggo da hantsi in durƙusa a daidai wurin, taga a buɗe yadda take ran nan, in jira iska. Har yau ba ta taɓa isowa wurin ba.