Kalmar da Na Kashe Yayana da Ita

Sati biyu ke nan, amma har yau ban sake buɗe ambulan ɗin wasiƙa ba.

Yayana ya tafi Kano rubuta jarrabawar makarantar malaman dabbobi, zazzaɓi na cin jikinsa. Muka yi wata guda ba labari, sai wani direba ya kawo wasiƙa daga kawunmu. A gidanmu na ƙauyen Fulatan ni ce mai karatun boko, don haka Inna ta miƙo mini.

Idona ya faɗa kan layi na biyu: "He has passed." Na tuna a sakandare an koya mana cewa haka Turawa ke sakaya mutuwa. Ban ƙara karanta ko harafi ba. Na ce, "Inna, sai haƙuri." Ta zauna daɓas a bakin turmi tana salati.

Kukanmu ya jawo maƙwabcinmu, tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya koma kiwon tumaki. Ya yi sallama, ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta har ƙasa bai yi gaggawa ba.

"'Yar nan, mamaci yana neman hoton fasfo guda huɗu?"

Ya nuna mini ƙasan takardar da yatsa.

"To ga shi nan an ce a aika. Yayanki ya ci jarrabawa."

Bai yi mini dariya ba. Ya tsuguna ya zana sawu a ƙasa da sandarsa. Ya ce asalin kalmar daga tako ne, ɗaga ƙafa a wuce. Mota ta wuce, ita ce. Ɗalibi ya haye jarrabawa, ita ce, shi ya sa yara ke cewa sun yi fasin. Wanda ya bar duniya ma ita ce, amma galibi sai an jingina mata "away". "Kalma saniya ce," in ji shi, "a cikin garkenta ake gane ta. Ke kuwa kin kamo ɗaya kin bar sauran a daji."

Ban taɓa ganin ilimi ya yi aiki a gabana haka ba, cikin taushin murya, daga mutum mai dusa a hannun riga.

Sai dai labari ya riga ya fita. Mata suka fara shigowa ta'aziyya, har daga Rogo Ruma. Inna ta share hawaye ta ce, "Bakin da ya kashe shi, shi zai tashe shi." Na tsaya a zaure har la'asar, ina gaya wa kowace yana raye.