Igiyar da Auta ya auna ni da ita

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena, autan gidanmu, kafintan da aka fi sani da Mai Tampol, bayan jinyar kwana huɗu. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinSa, mu ma ranarmu muke jira. Shekararsa arba'in da ɗaya. Ya bar mata da 'ya'ya uku, ya bar mahaifiyarmu, ya kuma bar ni da maganar da na kasa faɗa masa yana raye.

Auta, masu gaisuwa sun yi ta yabonka, ni kuma ina zaune ina cewa amin. Duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Abin da ba su sani ba shi ne, yayanka da ke karɓar gaisuwar ya yi shekara bakwai yana ƙyashinka, kuma a kan tampol.

Kowace shekara idan aka yi hutun makaranta, mukan kwashi iyali mu tafi bakin wani tafki mu yi kwana uku, kowa ya kwana a motarsa. Ni na kawo shawarar. Ni ne kuma na sayo tantin nan da ake ɗaurawa a saman mota, mai tsani na ƙarfe, wanda sai da na daɗe ina matse bakin aljihu kafin ya zo hannuna. Ba don jin daɗina kaɗai na saya ba. So nake Umma ta shiga motata, ta kwana a wurina, ta dawo gida ta gaya wa maƙwabta cewa babban ɗanta ya hutar da ita. Tun muna yara kai ake kira idan ƙofa ta ƙi rufuwa, ni kuwa sai idan za a cike takarda.

Ranar da na fara buɗe tantin, yara suka yi ta tsalle. Umma ta zo tana dogara sanda, ta ɗaga kai ta dubi tsanin, sannan ta dubi gwiwoyinta. Ta ce, "Wannan benen naka sai masu ƙafa." Daga ranar sunana ya koma Mai Bene, har a bakin matata.

Kai kuwa da tsohuwar motarka ta ɗaukar katako ka zo. Ka kwantar da kujerun baya, ka shimfiɗa katako biyu a kan akwatunan kaya, ka ɗora katifar soso da ka yanka da wuƙa. Ka yanyanka tsohon gidan sauro ka manne shi a tagogi da maganaɗisu. Sai ka ɗaure shuɗin tampol a rufin motar, ka ja shi zuwa kan gora biyu, ka kafa turaku. Umma ta zauna a bakin motar, ta ja ƙafafunta ciki, ta miƙe. Ba ta sake kallon tsanina ba, kuma a tafiya bakwai ba ta taɓa shiga motata ba.

Mutane suka fara zuwa shagonka saboda abin da suka gani a bakin tafkin. Ba ka aiki da tef ɗin awo idan gadon mota za ka yi. Sai ka share ƙasan shago, ka ce wa mai aikin ya kwanta, ka ja igiya daga kansa zuwa dugadugansa ka ƙulla, ka sake ƙullawa a faɗin kafaɗa. Idan mace ce, matarka ke aunawa. Kowace igiya ka rataye ta a ƙusa da ɗan kwali mai sunan mai ita. Kakan ce ba motar ce za ta yi barcin ba. Na ga yadda ka yi wa wata ma'aikaciyar jinya gado a motar da ni ko jaka ba zan ce za ta ɗauka ba. Na ga malamin makarantar da ya zo zai ba ka aiki, ka ce masa ba ya bukatar katako, ya nemi tantin ƙasa na hannu ya kafa a gefen motarsa, ka kuma ba shi turaku kyauta. Ya tafi yana sa maka albarka, ni kuma ina gefe raina yana ɓaci.

Zan faɗi nawa tunda na fara. Ni ne na sa wa inuwarka suna rumfar masu facin taya. Ni ne nakan ce wa baƙi abin ba shi da tsaro. A shekara ta uku da iska ta yaga tampol ɗin da rana tsaka, wallahi daɗi na ji. Ban gama jin daɗin ba sai na ga kowa ya taru a kanka, kana ɗinkewa da babbar allura kana ba su dariya, 'yata ta fari ce ma ta riƙe maka gefe ɗaya. Idan za a je sayo ƙanƙara, kai igiya biyu za ka kwance ka tayar da mota, ni kuwa sai na naɗe gidana gaba ɗaya ina gumi. Shayin safe a inuwarka ake sha. Ni daga sama nake leƙo ku, kamar mai gadi.

Sau biyu ka yi mini tayi. Ka ce, "Yaya, zo ka kwanta in auna ka, gwiwar nan taka ba ta son tsani." Na ce, "Ni zan kwanta a ƙasan shagonka kamar buhu? Riƙe igiyarka." Ka yi murmushi ka ci gaba da goge katako, wannan murmushin ma sai da ya ba ni haushi.

Bara, a rana ta biyu ta tafiyarmu, zafi ya hana ni sakat a cikin tantin. Kowa ya gangara bakin ruwa. Na sauko a hankali, na duba babu kowa, na kwanta a kan tabarma a ƙarƙashin tampol ɗinka da niyyar minti biyar. Ban taɓa barci mai daɗi irin wannan ba a tafiyoyinmu. Na farka kafin ku dawo, na karkaɗe rigata na koma sama, ina murna babu wanda ya gan ni.

Kwana goma bayan rasuwarka na raka matarka shago don mu mayar wa mutane kayansu. Igiyoyin suna nan a jere. Ta ƙarshe, wadda ke kusa da ƙofa, a kwalinta an rubuta Yaya. Na tsaya ina kallo. Matarka ta ce, "Yaya, bara a bakin tafki ya dawo ɗaukar wa Umma sandarta, ya same ka kana barci, ya auna ka. Motar kuma ya auna ta lokacin da ka bar ta a gidanmu. Ya ce kada in faɗa, sai ranar da ka tambaya da kanka." Ta janyo katako mai naɗewa daga bayan ƙofa.

Na kai shi gida, na kwantar da kujerun motata, ya shiga daidai. Sai da na buɗe shi duka na ga ba na mutum ɗaya ba ne. Ɓangare guda tsawona ne. Ɗayan gajere ne, da ɗan mataki na katako, da mariƙi a gefen da Umma ke dafawa idan za ta tashi. Ashe duk shekarun nan ka san abin da nake nema, ka ajiye mini shi, kana jiran in sauko in ce ina so.

Na kwanta a kai na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka. Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, Auta, a cikin kukan akwai sauran ƙyashi, domin ko a wannan ka fi ni. Da na nuna wa Umma, ta shafa mariƙin ta ce, "Aikin Auta ne." Bana a motata za ta kwana, kamar yadda na daɗe ina so, amma a kan katakonka, kuma kai ba ka nan.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sa shi a inuwarKa ranar da babu wata inuwa. Ka ba Umma haƙurin rashin autanta, Ka ba matarsa juriya, Ka raya 'ya'yansa da albarka. Ina miƙa ta'aziyyata gare su, da abokan sana'arsa, da duk wanda igiyarsa ke rataye a shagon nan. Ni kuma, ya Allah, Ka wanke mini zuciya, Ka sa ƙanena ya yafe mini. Amin.