Gobarar Gem a Motar Makarfi

Jama'a, yau gem ya sa an ɓalle min ƙofar ɗaki!

Kun san 'yar na'urar hannun da yayana ya kawo min, wadda ake buga gem, wato wasan rayuwar birni, a ciki, ka kama haya, ka je aiki, ka yi girki? To, ina cikin mota daga Ikara zuwa Makarfi, na toshe kunne ina bugawa. Na ɗora tukunya a gem ɗin na leƙa kasuwa. Ina dawowa sai hayaƙi!

Ban san sanda na ƙwala ihu ba: "Innalillahi! Ɗakina ya kama da wuta!"

Direba ya taka birki. Mata suka ɗauki salati. Wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Kai ba ɗan Malam Iro na Gubuchi ba ne?" Na ce e, idona na kan na'ura. Ashe waya ya buga garinmu!

Da na yi bayani, direba ya ce, "Allah ya shirye ka!"

Sai ga kiran Inna, tana haki: "Habu, ina wutar take? Maƙwabta sun ɓalle ƙofarka, sun sheƙa wa katifa ruwa, ko hayaƙi ba mu gani ba!"

Na ce, "Inna, a gem ne."

Sai na jiyo Baba yana cewa, "Gaya masa yau ya kwana a gem ɗin."

Jama'a, ɗakin gem ɗin ma ya ƙone ƙurmus!