Buba Tela da rigunan da ya tsufar

Da safen nan ina tsakar gida da jikana a hannu, jiya aka haife shi, bakina ya ƙi rufuwa don murna, sai waya ta shigo. An kashe Buba Tela a hanyar Zurmi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, Buba ne ke ɗinka kaya da zana labulen bango wa 'yan wasan kwaikwayo na unguwarmu a Kaura. A ajin yaƙi da jahilci muka haɗu, benci ɗaya. Ni da furfurata, shi sa'an ɗana. Idan na juya harafi ta baya sai ya rufe da hannu kada yara su yi dariya.

Wasan da suke shiryawa a kan ƙauyenmu ne, can wajen Gurbin Bore, wanda muka baro da gudu. Hausawa da Fulani, rijiya ɗaya muke sha kafin abin ya lalace.

Buba ya hana ni sakat da tambaya. "Baba, ƙohwar zaurenka gabas taka kallo ko arewa?" Na ce ta kwano ce, an yi mata faci da gwangwanin madara. Ranar da ya ɗaga labulen da ya zana ƙauyen a kai, na ga facin nan a gurbinsa. Sai da na nemi wurin zama.

Ba ya yarda ɗan wasa ya hau dandali da sabuwar riga. Ya jiƙa ta a ruwan shayi, ya tumurmusa ta a jar ƙasa, ya shanya a rana har ta koɗe. Haɗuwarmu ta ƙarshe na same shi yana gurza wuyan wata jaket da dutse. Na ce, "Kai, tela na ɗinki, kai kana ɓarna?"

Ya yi dariya. "Baba, in ba ta sha wuya ba, wa za ta tuna ma wani abu?"

Jiya ya ɗaure buhun kayan a mashin zai kai wa 'yan wasan da za su yi gwaji a Zurmi. Wasu matasa masu tare hanya suna neman 'yan bindiga suka tsayar da shi. Suka zazzage buhun: jaket irin ta daji, baƙaƙen rawuna, malafa. Ya ce na wasa ne. Suka ce kayan wasa ba sa yin dauɗa haka, waɗannan an sa su. Wayarsa ta yi ƙara, mahaifiyarsa ce, ya amsa mata da Fulatanci.

Shi ke nan.

Yanzu ina ganin hoton buhun yana yawo, an rubuta "an kama infoma". Har da waɗanda Buba ya ɗinka wa 'ya'yansu kayan Sallah suna danna like. Ɗiyansa biyu za su tashi da wannan suna a kansu. Ni na ga rigunan nan tun suna yadi. Da idona na ga ya tsoma su a shayi.

Ɗana ya ce in zaɓa wa jariri suna. Na ce Abubakar, kuma Buba za a riƙa kiransa. Wani ɗan'uwa ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, a wanga lokaci?" Na ce shi ne lokacin.

Allah Ya jiƙan Buba, Ya karɓi shahadarsa, Ya wanke sunansa, Ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a. Wanda kuma ya tura hoton nan, ya goge kafin ya ce amin.