Tausa a Kafaɗar Hagu

Bari in faɗa da bakina tun kafin maƙwabta su riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Wawa kuma mai ilimi, don na yi firamare har aji huɗu kafin mahaifina ya lura gonar gyaɗa ta fi malamin buƙatata.

Abin ya faro ne bayan cirar gyaɗa, shekarar da kafaɗata ta dama ta riƙe. Hannun yakan taso zuwa ƙirji, daga nan sai ya tsaya cak kamar jakin da ya hango rafi. Hula da hagu nake sa ta, babbar riga kuwa sai mai ɗakina ta taimaka. Duk wannan na jure. Abin da ya tsaya mini a rai ciyayya ce. A unguwarmu, can cikin Ruwan Bago, da an idar da magariba kowane magidanci yakan fito da kwanonsa ƙofar gida, mu haɗu a tabarma ɗaya kowa ya ci na kowa. Ni kuwa loma ta daina isa bakina sai na kai kan ƙasa kamar akuya a bakin kwatarniya. Cin tuwo da hagu a gaban mutane kuma ba da ni ba. Sai na daina fita. Ina ɗaki da dogon cokali, ina jiyo dariyarsu ta kan katanga.

Taubashina, ɗan gwaggona, wanda tun muna yara ba ya barina in sha ruwa cikin kwanciyar hankali, shi ya kawo labarin wani ɗan asibiti a Karaye inda ake tausa da gashi. Tausa na santa, jikoki ma sukan tattaka mini baya. Gashin ne ya sa na tambaya. Sai ya gyara zama ya yi mini bayani dalla-dalla, cewa a kan waya ake shimfiɗa mutum kamar tsire, a shafa mai, a juya, kuma idan na ji likita ya aika a kawo ƙuli-ƙuli da albasa, in bar takalmana in yi ta kaina. A matsayina na ɗan boko na san ƙarya yake yi. Duk da haka ranar tafiya na ce mai ɗakina ta yafe ni, don mutum bai san gaibu ba.

Likitan magidanci ne, sa'an babban ɗana. Na ji daɗin ganin namiji, aka ce mata su ma mace ce take yi musu a wani ɗakin. Muka gaisa sosai, ya tambayi gida da amfanin gona da gajiyar hanya. Sannan ya ce, "Baba, yaya jikin?"

Na ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

To me mutum mai tarbiyya zai ce? Mahaifina ranar da zai rasu ma da sauƙi ya ce.

Ya shiga tambayoyi: ko ina da hawan jini, ko ciwon suga, ko na taɓa faɗuwa, ko an taɓa yi mini tiyata, wane magani nake sha. Ina ba shi amsa da Turanci, yas da no, don ya san ba da baƙauye yake magana ba. Ana cikin haka idona ya faɗa kan wata fitila a kusurwa, mai dogon wuya, cikinta ja wur kamar garwashi. Ashe dai taubashin nan akwai gaskiya a tsakiyar ƙaryarsa.

Nan ilimina ya yi aiki. Na ce a raina, kafaɗar dama da ma a wahale take, in aka ɗora mata wuta ai ta ƙarasa. Gara a fara gwadawa a kan lafiyayyar, in ga kamun ludayinsu. Da ya ce wacce ce mai ciwon, sai na nuna ta hagu. Ya ce in ɗaga, na ɗaga har sama ina yamutsa fuska. Ya dube ni, ya dubi hannun, ya ce ai da alama abin bai yi nisa ba.

Ya ce in cire riga in bar wando, ya ba ni tawul, ya ja labule ya fita. Wannan kunyar tasa ce ta rufa mini asiri, don da ya ga kokawar da na yi da rigar nan da ya gane. Gadon kuwa siriri ne, da rami a wajen kai inda ake sa fuska. Na kwanta rub da ciki ina kallon siminti ta ramin, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Likita ya dawo ya saita fitilar a kan kafaɗata. Ina jiran ƙauri, sai na ji wani ɗumi mai daɗi yana ratsa ni kamar hantsin sanyi a jikin garu. Ya zuba mai a tafinsa, ya murza ya yi ɗumi, ya fara bin kafaɗar a hankali. Jama'a, na shekara sama da sittin ina ɗauke da kafaɗar nan ban san tana da 'yan uwa a wuya da gadon baya ba sai ranar. Yana danna nan, can yana amsawa. Ya ce duk inda na ji zafi in faɗa. Ina zan ji zafi? Abin da na sani kawai shi ne ya taɓa ni ya ce, "Baba, an gama," na farka da yawu a gefen baki.

Na sa riga a bayan labule, na fito ina murmushi. Ya miƙo mini kofin ruwa, ya ce bayan tausa ana son mutum ya sha ruwa sosai. Musulmi kuwa da wane hannu zai karɓa? Na karɓa da dama. Kofi ya zo ƙirji ya tsaya, na sunkuyar da kai ina nemansa da leɓe.

Likita ya bi hannun da kallo.

"Baba, wannan hannun fa?"

"Da sauƙi."

"Ɗaga mu gani."

Na ɗaga iya inda yake zuwa. Ya juya baya yana gyara kwalaben da ba su karkace ba, kafaɗunsa na rawa. Da ya juyo hawayen dariya ne a idonsa. Na yi masa bayanin dabarata da zancen tsire, sai ya nemi kujera ya zauna.

Aka koma gado. Wannan karon labari ya sha bamban. Ya sa babban yatsa a wani gurbi bayan kafaɗar, na ga taurari a simintin. Ya ce yaya, na ce da sauƙi. Ya ɗauke hannunsa.

"Baba, da sauƙi gaisuwa ce, mun gama ta a bakin ƙofa. A nan in ya yi zafi ka faɗa, da bakinka nake gani."

Ya sake dannawa, na ce wayyo Allah, abin da rabona da faɗa tun ranar kaciya. Ya ce madalla, yanzu muka fara aiki. Ya rage ƙarfi, ya bi wurin sannu-sannu har na ji kamar ana kwance ƙulli a igiya. Ya gargaɗe ni cewa washegari jiki zai yi tsami, kada in ce ya ɓata ni. Ya kuma koya mini tafiya da yatsu a jikin bango, in riƙa hawa da su sama kullum.

Tsamin ya zo kamar yadda ya faɗa. Na dinga komawa Karaye, a gida kuma ina bin bango da yatsu, har mai ɗakina ta gaya wa maƙwabciya wai na tsufa na koma farautar ƙadangaru. Hannu ya wuce ƙirji ya kai haɓa, ya kwana biyu a nan yana shawara, sannan wata safiya na ga na ɗora hula da dama ban sani ba.

Ranar na sa aka yi tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, na ɗauki kwanona da kaina na fita. Aka yi ta barka, aka matsa mini wuri. Na wanke hannu, na yanko loma, na kai ta baki kaina a miƙe kamar hakimi. Na gama da kwanona na shiga na liman, na leƙa na maƙwabcina, ina ci ina yi musu lacca a kan jijiyoyin jikin ɗan Adam da amfanin gashi, ina cewa jahilci ne kawai yake sa mutum tsoron asibiti.

Taubashina ya janye kwanonsa ya sa a bayansa.

"Da mun san ɓarnar da hannun nan zai yi mana, da mun yi ayari mun je Karaye mun roƙi likitan ya ci gaba da gasa na hagun."